Kalmar da Kwamfuta Ta Haɗiye

A shekarar da soja suka yi alkawarin miƙa mulki, aka sake buɗe ƙofar siyasa, Amos yana aiki a shagon Malam Lukuman a Gusau. Shagon buga takardu ne, kwamfuta ɗaya tal ke cikinsa, kuma Amos ne mai zama gabanta. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma tun yana saurayi ya zo Gusau, har harshensa ya fara karkata irin na mutanen garin. Yana da mata, Dibora, da 'yarsu Nasara wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ran Lahadi shi ke kaɗa fiyano a coci.

Abin da ke ransa ba buga takardu ba ne. Tun da ya ji cewa a manyan birane ana haɗa kiɗa da waƙa a cikin kwamfuta, ya ɗora wa kansa sai ya iya. Malam Lukuman ya yarje masa ya riƙa gwadawa idan babu aiki, da sharaɗin kada ya jawo wa kwamfutar wani ciwo, domin ita ce abincin gidaje biyu.

Matsalar ita ce manhajar da zai yi aikin da ita. Ta gaske, wadda manyan masu kiɗa ke amfani da ita, kuɗinta ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Abin da hannunsa ya kai gare shi guda uku ne. Akwai faifan sata da wani ya kawo daga Kano, an ce komai na ciki, amma an ce irinsa ne ya shigar wa wani shago cutar kwamfuta, ta cinye musu aiki kaf. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja a kan ɗan faifan da ake kira fulofi da wani ɗan bautar ƙasa ya bar masa, kyauta ce har abada, sai dai ba ta da kyan gani, lambobi ne kawai jere kamar sakamakon jarrabawa, kuma koyonta sai mai haƙuri. Ta ukun ta zo ne manne da wata tsohuwar mujallar Turawa da ya saya a hannun mai gwanjon littattafai. Wannan ita ta tafi da hankalinsa. Da ya buɗe ta sai ya ga murya ta zama zane a gabansa, yana iya yanka ta, ya ɗauke, ya liƙa inda yake so. Duk lokacin da ya buɗe ta wani dogon rubutun Turanci yakan fito. Ya karanta layin farko, ya ga an ce a gwada kyauta, ya danna ya wuce. Bai sake tsayawa a kansa ba.

Ana cikin kaka, ana yankan dawa, sai ga Lawali a shagon. Lawali shi ne shugaban 'yan bangar Alhaji Mahadi, wani attajirin ɗan kasuwar hatsi da ya fito takarar kansila a ƙasar Tsafe. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma mutane sukan matsa idan ya shigo wuri. Ya ce Alhaji yana son waƙar kamfe da ba a taɓa jin irinta ba: muryar Inna Tambaya ta Bungudu, amma da kiɗan zamani. An gaya masa Amos zai iya.

"Ranar kasuwar Tsafe muke son ta," in ji Lawali. "Alhaji ba ya son a ce masa gobe."

Amos ya amsa da sauri, kafin tsoro ya riga shi.

Ya ɗauki rikoda ya tafi Bungudu. Inna Tambaya tsohuwa ce mai kiɗan ƙwarya, ta yi wa sarakunan noma waƙa, ta yi wa 'yan siyasar jamhuriya ta biyu, har ta taɓa yi wa mahaifin abokin takarar Alhaji Mahadi. Ta sa aka dama masa fura, ta ce ba ta waƙa gaban baƙo mai jin yunwa. Sannan ta zauna a tsakar gida da 'yan amshinta, ta rera. Amshin waƙar gajere ne, ta ja shi da murya mai kauri:

"Mahadi, ba ya cin amanar talaka."

Amos ya koma Gusau da kaset ɗin kamar ya ɗauko ƙwai. Ya zuba muryar a kwamfuta, ya shimfiɗa mata kiɗa daga fiyanonsa. Cikin amshin da Inna ta yi ya zaɓi wanda ya fi daɗi, ya kwafe shi, ya liƙa shi bayan kowane baiti, daidai wa daida, ba gaba ba baya. Da ya saurara a cikin manhajar sai tsigar jikinsa ta tashi. Malam Lukuman ma, da ba ruwansa da kiɗa, ya tsaya yana gyaɗa kai.

Ana gobe kasuwa aka ɗauke wuta tun hantsi. Lokacin wahalar mai ne, ɗan abin da ke cikin janareta bai taka kara ya karya ba. Amos ya sa manhajar ta fitar da waƙar a dunƙule, ya zare wayar lasifika daga bayan kwamfutar ya cusa ta rikoda, domin rami ɗaya ne, ba ya ɗaukar biyu. Haka waƙar ta shiga kaset shiru, shi dai yana kallon allurar rikodar tana rawa. Tana gamawa janareta ya yi tari ya mutu. Lawali na tsaye a bakin ƙofa. Ya karɓi kaset ɗin ya wuce wurin masu kwafa, waɗanda ke gurza kaset da gudu ba tare da sun saurara ba. Da yamma ya aiko wa Amos guda ɗaya, ya ce tukuici ne.

Washegari da safe Amos yana aske gemu a tsakar gida, Dibora tana wanki. Ita ta sa kaset ɗin a rediyonsu don ta ji aikin mijinta. Kiɗa ya tashi, Nasara ta fara tsalle. Can sai Dibora ta tsaya da hannu cikin kumfa.

"Baban Nasara, me ya sa take zaginsa?"

"Wa ke zagin wa?"

"Saurara mana."

Ya matso da reza a hannu. Baiti ya ƙare, amshi ya zo. Muryar Inna ta ce "Mahadi," sai sauti ya ɗauke ɗif, kamar an toshe bakin rediyon da tafin hannu, sannan ya dawo: "ya cin amanar talaka." A kunne, ba abin da mutum zai ji sai "Mahadi ya ci amanar talaka."

Amos ya ce kaset ɗin ne ya tauna. Ya jira amshi na gaba. Shirun ya sake faɗowa a wuri ɗaya, ya haɗiye "ba". Na gaba ma haka. Har ƙarshen waƙar, duk inda amshi ya zo, tsohuwar tana shela da babbar murya, da kiɗa mai daɗi, cewa Alhaji Mahadi ya ci amanar talaka.

Ya zauna a bakin rijiya. Rezar ta yanke shi a yatsa bai sani ba sai da Dibora ta nuna masa jinin.

"Sun tafi da sauran kaset ɗin?" ta tambaya a hankali.

"Tun asuba."

Babu wayar da zai buga. Ya zura riga, rabin fuskarsa da sabulu, ya fita da gudu zuwa tasha. Motar Tsafe ta ƙi cika. Ya zauna a ciki yana kallon kowane fasinja da ke tafe yana ja da kaya kamar ya je ya ɗauko shi. Da suka tashi, direban yana kashe inji a kowace gangara don ya tsimi mai. Amos yana ta lissafi a zuci: wataƙila ba su kunna ba tukuna, wataƙila suna jiran kasuwa ta cika, wataƙila batirin lasifikarsu ya mutu. Ya roƙi Allah ya kashe batirin nan.

A gindin duwatsun Kwatarkwashi motar ta tsaya, mai ya ƙare. Direba ya ɗauki galan ya tafi neman 'yan bumburutu. Amos bai jira ba. Ya tare wani ɗan kabu-kabu, bai ko yi ciniki ba, ya haye. Iska na dukan fuskarsa, gonakin dawa na wucewa.

Tun kafin su shiga Tsafe ya ji waƙar. Ba daga lasifika ba. Wasu samari ne a bayan akori-kura, riƙe da tutar ɗaya jam'iyyar, suna tafi suna rerawa suna dariya: "Mahadi ya ci amanar talaka!" Sun ma iya karin, har da inda kiɗan ke faɗuwa.

A bakin kasuwa ya ga fasassun kwalabe da wani benci a kife. Ya tsaya wurin wani mai shayi, ya yi kamar baƙo mai wucewa, ya tambayi abin da ya faru.

Mai shayin ya ce, "Ai ka yi rashin kallo. Mutanen Alhaji Mahadi sun zagaya kasuwa da mota suna zagin ubangidansu da kansu. Su suna cikin mota, ƙarar inji ta hana su ji, sai da suka ga mutane na faɗuwa don dariya. An raba kaset kuma kafin a farga. Daga nan aka ba hammata iska, an fasa wa mutum biyu kai."

"Ina suke yanzu?"

"Sun nufi 'Yandoto su ɗauko Alhaji. Daga can sai Bungudu. Sun ce tsohuwar nan saye ta aka yi, da ma ta taɓa yi wa gidan abokin hamayya waƙa. Lawali ya rantse sai ya kawo ta kasuwar nan a bayan mota kowa ya gan ta." Ya dubi Amos da kyau. "Malam, lafiya? Ga sabulu a kunnenka."

Amos ya goge, ya juya. Sai a lokacin ya gane ba shi ake nema ba. Ba wanda ya kawo kwamfuta a ransa. Murya ta Inna ce, kowa ya san ta. Wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda aka ce ya tashi ya tafi, kuma nan take kunya ta biyo baya, domin ya tuna tsohuwar tana tura masa ƙwaryar fura tana cewa ya shanye.

Ya samu motar Gusau. Da ya sauka ya wuce shago kai tsaye. Malam Lukuman ya tafi masallaci, an kuwa kawo wuta. Ya kunna kwamfutar, ya buɗe manhajar, dogon rubutun nan ya fito. Wannan karon ya karanta har ƙasa, yatsansa na bin layi. A can kusa da ƙarshe aka rubuta cewa wanda bai biya ba zai iya yin komai a ciki, amma duk abin da ya fitar za a riƙa jefa masa ɗan gajeren shiru lokaci-lokaci, har sai ya sayi ta gaske. Shirun yana zuwa ne a kan ƙa'ida, shi kuma ya jera amshinsa a kan ƙa'ida, sai suka haɗu a kan kalma ɗaya.

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko kaset ɗin farko, wanda ya ɗauka a tsakar gidan Inna. Ya ɗauki rikoda mai batir. Ya biya gida.

Dibora ta riga ta ɗaure kaya a zani, ta goya Nasara. Da ta ga fuskarsa ba ta tambaye shi ko ya same su ba.

"Mu tafi Zariya wurin yayana," ta ce. "Yanzu, kafin su zo."

"Ba nan za su zo ba. Bungudu suka tafi. Sun ɗauka Inna ce ta yi."

Ya ga irin sanyin da ya ratsa shi a Tsafe ya gilma a idonta, ita ma ya ga ta kawar da kai. Sai ta lura da rikodar.

"Ina za ka da wannan?"

"In suka ji wannan kaset za su san ba ita ba ce."

"Su san wane ne kuma?" Ta matso kusa da shi. "Baban Nasara, kai baƙo ne a garin nan. Ita tana da dangi, tana da unguwa. Kai wa kake da shi? In suka ce da gangan ka yi, wa zai tsaya maka?"

Ya tsaya yana kallon ƙafar Nasara da ke lilo a gefen uwarta. Shi kansa yana son ta hana shi. Da ta riƙe rigarsa da ƙarfi, da wataƙila ya zauna. Amma ba ta riƙe ba, ta share ido da bakin zani.

"Ki tafi gidan fasto ki jira ni," ya ce. "In magariba ta yi ban dawo ba, ki gaya masa komai."

Hanyar Bungudu ba ta da nisa, amma bai taɓa jin tafiya mai nauyinta ba. Sau biyu yana buɗe baki zai ce wa direba ya sauke shi. Rikodar na kan cinyarsa.

La'asar ta yi lokacin da ya shiga unguwar su Inna. Tun daga nesa ya hangi akori-kurar su Lawali da lasifika a kanta, da farar fijo a gefe. Mutane sun cika ƙofar gidan. A ƙasa ga ƙoren kiɗan Inna a farfashe, an tattake su. 'Yan amshinta suna kuka a cikin zaure. Ita kuwa tana zaune a kan turmi a bakin ƙofa, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje, hannuwanta bisa gwiwa. Lawali na tsaye a kanta, samarinsa riƙe da gora. Ta ɗaya gefen maƙwabta ne da suka dawo daga gona, ba wanda ya ajiye laujensa. Alhaji Mahadi yana cikin fijo, ya sauke gilashi rabi.

"Faɗi wanda ya biya ki," Lawali ke cewa. "Ki faɗa nan, ko ki faɗa a kasuwar Tsafe."

"Na gaya maka, ɗan nan, ni ban ce haka ba."

"Muryar wa ce? Ta aljani?"

Amos ya tsaya a bayan taron. Ba wanda ya gan shi. Zai iya juyawa har yanzu. Sai ɗaya daga cikin samarin ya kama hannun tsohuwar zai ɗaga ta, maƙwabtan suka matso taki ɗaya gaba ɗayansu, ya ji ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ya san in aka ɗaga ta daga kan turmin nan, sai an ɗauki gawa a wurin.

Ya kutsa. Ya yi sallama, ba wanda ya ji. Ya sake yi.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, ba ita ba ce. Ga abin da ta rera."

Ya durƙusa ya ajiye rikodar a ƙasa. Don sauri sai ya sa kaset ɗin a juye, ba abin da ya fito sai huci. Wani ya yi tsaki. Ya fitar, ya juya, ya danna. Aka ji kukan akuya, aka ji Inna ta yi gyaran murya tana ce wa wata ta matso, aka ji ƙwarya ta ɗauka. Sannan muryarta, ba kiɗan zamani, ba komai: "Mahadi, ba ya cin amanar talaka." Ta ja "ba" ɗin nan har sai da ya cika unguwar.

Aka bari amshin ya sake zagayowa, ya zo cikakke.

Lawali ya juyo a hankali. "To wa ya cire?"

"Kwamfuta ce. Manhajar da na sa ta gwaji ce, ban biya ba, ita ke yanke sauti. Ban saurara ba kafin in ba ka. Wuta ce aka..."

"Kwamfuta." Lawali ya matso. "Kwamfutar taka wace jam'iyya take yi?"

"Wallahi kuskure ne."

"Kai ka san wallahi?"

Amos bai ga hannun ba. Ya dai ji kamar an fasa tulu a cikin kansa, ta gefen hagu, sai ga shi kwance, ƙasa a bakinsa. Ƙafa ta same shi a haƙarƙari, wata a baya. Ya dunƙule ya rufe kansa. Yana ganin bakuna na motsi, amma abin da yake ji kawai wani dogon fito ne. Ya tuna Nasara. Ya ce a ransa, ashe nan ne.

Sai duka ya tsaya. Wani abu mai laushi ya faɗo masa, mai ƙanshin hayaƙi da man shanu. Mayafin Inna ne. Ta taso daga kan turmin ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Da kunnen dama ya jiyo ta, kamar daga cikin rijiya.

"Wanga yaro ya sha hura a gidana. Da ƙahwarshi ya zo, ba wanda ya kirawo shi." Ba Lawali take kallo ba, fijo take kallo. "Alhaji, kai nika wa magana. An hwasa mini ƙore, na yi shiru. An tuɓe mini kallabi gaban jikokina, na yi shiru. In aka ƙara taɓa shi a ƙohwar gidana, zan yi maka waƙa da bakina, wadda ba inji ya yanke ba. Kuma ka san in na yi ta, har jikokinka sai an rera musu."

Ba wanda ya motsa. Alhaji Mahadi ya daɗe yana kallonta. Mutum ne da ya san kasuwa, ya kuma san abin da bakin mawaƙiya ke yi wa suna. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya gyara babbar rigarsa.

"Lawali, ya isa." Ya dubi tsohuwar. "Inna, a yi haƙuri. Za a sayo miki wasu ƙoren." Sannan ya dubi abin da ke kwance ƙarƙashin mayafi. "Kai kuma, ka gyara abin da ka ɓata. In na sake jin kalma ɗaya ta ɓace, ba Inna a Gusau."

Da motocin suka tafi, maƙwabta suka ɗaga Amos suka shigar da shi zaure. Jini na fita daga kunnensa. Inna ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta goge masa da kanta, tana yi tana faɗa.

"Kai ma dai, ɗiyana. Mutum ya yi aiki bai saurara ba? Ko tuwo aka tuƙa ai a kan ɗanɗana."

Ya so ya ba ta haƙuri, kuka ya ƙwace masa. Wani maƙwabci ya kai shi Gusau a kan babur, suka isa ana kiran magariba. Dibora na tsaye a ƙofar gidan fasto. Ya ce mata faɗuwa ya yi da 'yan ƙujewa, kunnen kuma zai warke. Ba ta yarda da faɗuwar ba, amma ta yarda da maganar kunnen.

Malam Lukuman ya yi faɗa sosai, ya ce a goge manhajar a gabansa. Da ƙyar ya bari a sake aikin, shi ma don tsoron Alhaji. Amos ya koma kan 'yar ƙaramar ta fulofi, mai lambobi. Ta ba shi wuya, kiɗan bai kai na farko daɗi ba, amma ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya saurari sabon kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ya sake, ya kira Malam Lukuman ya saurara, ya kira mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da su shi ma ya saurara, kafin ya miƙa.

Sai dai tsohon kaset ɗin ya riga ya shiga duniya. 'Yan hamayya sun kwafe shi, ana jin sa a tasha da wuraren masu shayi. Inna Tambaya ta je Tsafe da kanta ranar wata kasuwar, ta hau bayan mota da sababbin ƙore, ta rera waƙar da bakinta. Wasu suka amsa daidai, wasu suka amsa da na zagin.

Kwanakin da suka rage kafin zaɓe Amos bai san daɗinsu ba. In mota ta rage gudu a ƙofar shago sai ya miƙe. In an kira sunansa daga baya sai gabansa ya faɗi. Kowa ya san in Alhaji ya faɗi zaɓe za a nemi wanda za a ɗora wa, kuma ba sai an yi nisa da nema ba. Ana saura 'yan kwanaki ya sa Dibora da Nasara a motar Zariya. Shi ya zauna, domin ya ce in ya gudu za a ce da ma da gangan ya yi. Ranar zaɓen bai fita ba. Ya kulle ƙofa, ya tura tebur ya tokare ta, ya zauna da rediyo manne a kunnen dama.

Alhaji Mahadi ya ci, da ƙyar. Waɗansu suka ce waƙar ta kusa kayar da shi, waɗansu suka ce ita ta sa har ƙauyukan da ba su san shi ba suka san sunansa. Ba wanda ya zo neman Amos, ba da sharri ba, ba da godiya ba.

Ya aika wa Dibora ta dawo. Ya je tasha tarbarsu, ya tsaya yana duban motocin da ke shigowa. Ita kuwa ta sauka ta wata ƙofar, ta zo ta gefensa na hagu, har ta kusa taɓa kafaɗarsa.

"Baban Nasara."

Bai juyo ba. Ta sake kira, da ɗan ƙarfi. Yana nan yana leƙen motoci. Ta tsaya tana kallon kunnen, ya warke sarai daga waje, ba ko tabo. Ta gyara goyonta, ta zagaya ta bayansa zuwa dama.

"Baban Nasara, mun iso."

Ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe, ya karɓi jakar daga hannunta. Suka fita daga tashar, tana tafiya a damansa tana ba shi labarin Zariya.